Ranar da Huhuna Ya Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa Kawu tafinta a asibiti ba. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, lokacin da ake kwashe mu rawar tarbar shugaban ƙasa. Na bar makaranta ina aikin cusa audugar rimi a katifa a shagon Kawu cikin Zongon Lomé, kuma ya riga ya yi min alkawarin 'yarsa Rabi. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya haɗa zuri'a da mashayin taba. Ni kuwa kullum da azahar sai na sulale unguwar Hanoukopé na zuƙi kara biyu, na tauna goro na dawo kamar waliyyi.

Sai asma ta kama ni. Ina shiga shago ƙirjina ya fara kukan usur, ran Juma'a da ba aiki kuma lafiya lau. Kawu ya ja ni asibiti. Likita ya sa na yi kaki a kwalba, ya ce mu dawo jibi.

Da muka koma, ya zaunar da mu yana bayani da Faransanci, ni ina fassarawa (wai ni ɗan boko). Ya ce a hanyar numfashi akwai ƙwayoyin garkuwar jiki, masu gadi. Wasu sun taru sun yi yawa saboda ƙurar rimi, su suka kumbura min hanyar iska. Wannan na fassara shi tiryan-tiryan, har da ƙari. Sai ya ce akwai wasu manyan ƙwayoyin masu haɗiye datti, ya same su cike da baƙin hayaƙi. Ya tambaye ni, "Karan sigari nawa kake sha a rana?"

Kawu ya ce, "Me ya ce, ɗan nan?"

Na ce, "Cewa ya yi, Kawu, hayaƙin murhun gida ya yi min yawa."

A gefe akwai wata nas 'yar ƙabilar Ewe, Madam Afi, tana jera kwalabe. Ban ko lissafa da ita ba. Ta juyo da Hausa wadda ta fi tawa gogewa: "Alhaji, ba murhu ya ce ba, sigari ya ce. A Zongo na girma, bayan masallacinku."

Wayyo ni! Kawu bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya tashi ya leƙa madubin da likita ke duba ƙwayoyin da shi ya daɗe, sannan ya ce, "To, ga shaidu sun taru. Su ba sa cin goro."

Aka cire ni daga rimi, aka zaunar da ni teburin goro kusa da Kawu, inda ko tari na yi sai ya shinshina. Shekara guda aka ɗage auren. Rabi dai na same ta, amma har yau idan na fara kwana-kwana sai ta ce, "A kira Madam Afi?"

Tun daga ranar na bar taba. Na kuma koyi cewa a Lomé, kafin ka yi ƙarya da Hausa, ka fara tambayar kowa a ɗakin unguwar da ya girma.