Rigar Baba a Bakin Farin Rawani

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na je ɗaukar hoto a Farin Rawani ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bar ni ba. Lokacin ina saurayi, ina falanto a wani buro, ofishi ke nan, a Illela, wato ni ne ɗan aike, ni ne mai shara, ni ne mai cika randa. A bangon buron akwai wata tsohuwar kalanda ta Turawa, mai hoton ruwa yana zubowa daga kan dutse, ga wani mutum tsaye a gabansa ya riƙe ƙugu. Shekarar kalandar ta daɗe da wucewa, amma ba wanda ya kula ya cire ta. Nakan jingina da tsintsiya in yi ta kallonta har in ji kamar sanyin ruwan yana taɓa mini fuska. (Sau nawa aka ƙwala mini kira ban ji ba, Allah kaɗai ya sani.)

Ashe mu ma muna da namu. Can bayan Badagishiri, inda tudun duwatsu ya yanke ya yi gangare, in an tafka ruwan sama sai ƙorama ta taho a guje ta faɗo daga sama, fari fat, shi ya sa ake ce wa wurin Farin Rawani. Ba ya jimawa yake ɗaukewa, sai mai rabo ke ganinsa. Makiyaya da 'yan kasuwa kowa na da labarinsa, wani ya ce ƙararsa kaɗai na sa mutum ya manta da yunwa. Shekarun nan kafin babban fari ne, sama ba ta yi mana rowa ba tukuna. Ni dai na ƙudurta a raina sai na tsaya a gabansa na riƙe ƙugu an ɗauke ni.

Akwai wani Idi mai hoto da ke zama a kasuwarmu da akwatinsa na katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Da na kai masa maganar ya ce shi akwatinsa bai taɓa wuce bakin kasuwa ba. Na yi ta naci, in zo da safe in zo da yamma, har ya gaji ya ce to, ranar da aka yi babban ruwa in zo mu tafi.

Saura abin sawa. Mutumin kalanda ai ba da kakin shara ya tsaya ba. To, marigayi babanmu ya bar wata riga kore, ta saƙi, rinin shuni, mai farin aikin allura a ƙirji. Tun rasuwarsa Inna ke ajiye da ita a ƙasan adaka. A makon nan ta fito da ita, aka kai mabuga aka buge ta har tana ɗaukar ido, saboda ran Juma'a za a ɗaura wa wana Isufu aure, kuma ita zai sa. Inna ta ce tunda uban bai ga ranar ba, rigarsa ta gani. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kore ba ta shiri da ruwa, ko gumi ba ta so. Ni ma na sani sarai. Amma na ce wa kaina ai daga nesa zan tsaya, in maido ta kafin wani ya ankara. (Wanda zai yi wauta ba ya rasa hujja.)

Sai kuwa aka wayi gari an kwana ana ruwa. Na naɗe rigar a tsohon zane, na ce wa Inna daga buro aka aike ni. Muka sami mota zuwa Badagishiri, daga nan muka ɗora akwatin Idi a kan jaki muka bi hanyar gonaki. Wayyo, wannan safiya! Gero ya fid da kai, ƙasa na ƙanshi, duwatsun nan jajaye duk sun yi wanka. Tun ba mu ga ruwan ba muka fara jin shi, wani irin gurnani can ƙasa ƙasa, har cikin ƙirjina. Da muka zagayo wani dutse sai ga shi. Na tsaya baki buɗe. Yana zubowa amma sai ka ga kamar a tsaye yake, hayaƙi na tashi daga gindinsa, bakan gizo ya kwanta a ciki, 'yan tsuntsaye na ratsawa suna fitowa. Wallahi na ji hawaye a idona, ban san dalili ba.

Na shiga bayan dutse na zura riga. Nauyinta, da ƙanshin shuni, da yadda take ƙara in na motsa, sai na ji ni wani ne. Idi ya kafa akwati ya cusa kai cikin ƙyalle. Ya ce daga inda nake ruwan ya yi ƙanƙane, kamar bakin buta. Na matsa. Ya ce ya isa haka, na ce a'a, mutumin kalanda ya fi haka kusa, na ƙara matsawa. Sai ya ce kada in motsa, kada in ƙifta, bari rana ta fito daga bayan gajimare.

Muna jiran rana iska ta juya. Feshin ruwan ya sauko mini, laushi kamar raɓa, a goshi, a wuya, a hannu. Shi ne fa sanyin da nake ji ina riƙe da tsintsiya, yau ga shi da gaske. Na manta da Idi, na manta da Isufu, na manta da Juma'a. Ban san iya lokacin da na yi a haka ba. Sai da Idi ya ɗauki hoton, ya fito da kai daga ƙyalle ya dube ni ya yi salati.

"Kai, samari, rigag ga taka ta?"

Na duba ƙasa, na ga wani shuɗin ruwa yana bin ƙafafuna yana gangarawa ƙorama. Hannuwana sun rine. Don ruɗewa na sa hannun riga na share fuska, na gama da kaina. Na tuɓe na yi ta dirza da yashi, shuni ya ce ya sami wurin zama. Ita kuwa rigar ta yi laƙwas, ƙyallin ya tafi, farin aikin ƙirjin ya koma ruwan toka.

A motar dawowa wani dattijon Buzu ya matsa mini wuri, ya yi ta gaishe ni da harshensu cikin girmamawa, don su a wurinsu shuni a fata alamar wadata ce. Na yi ta gyaɗa kai kamar na gane. Na iso gida da la'asar, na ce bari in lallaɓa ta bayan danga. Ashe ranar ce matan dangi suka taru dakan biki, kuma a bayan dangar suka jera turame. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Gwaggona ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko buron ne ya koma marina. Aka kwashe da dariya, wata har da zama a ƙasa tana riƙe ciki.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba, don ita abin da ke hammatata ta gani. Ta karɓa ta warware, ta shafa ƙirjin rigar, ta kai hanci, sannan ta ninke ta shige ɗaki. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Isufu ma bai taɓa ni ba. Ya dube ni ya ce, "Da ka tambaye ni, da bayan Juma'a na ba ka ita." Na rasa inda zan sa kaina.

Ran Juma'a Isufu ya je ɗaurin aurensa da farar rigar wani abokinsa, hannuwan ma sun yi masa gajarta. Ni aka ba rabon goro, kunnuwana da wuyana shuɗi shar. Maroƙi ya hango ni ya ɗaga murya ya ce ga Na-marina ƙanen ango, kuma sunan ya bi ni har na yi furfura.

Da kasuwa ta zagayo, Idi ya kawo hoton har gida, ya miƙa wa Inna don ba na nan. Na dawo na iske ta zaune a ƙofar ɗaki da shi a hannu. Na leƙa ta kafaɗarta. Ruwan ya fito, fari daga sama har ƙasa. Rigar ta fito, baƙa wuluk tana sheƙi, da faɗinta da kwarjininta. Fuskata ce ba ta fito ba, ashe rawar sanyi na yi, kan ya zama hazo. Inna ba ta ɗago ba.

"Haka ubanku yakan tsaya," ta ce. "Hannu ga ƙugu, kai ka ce gonar duniya tashi ta."

Babanmu har ya koma ga Allah ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Inna ta sa aka yi wa wannan hoto gilashi ta rataye a ɗakinta. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata ta ce ga marigayi, ita kuma ta yi masa addu'a. Ba wanda ya taɓa gyara mata zance, ni da Isufu kuwa mukan haɗa ido mu ce amin.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ni nawa bai bar mini ko fuska ba. Na sha tafiya, na sha sanyi, na sha dariya, hoto kuma ya zama na mai riga. Tun daga ranar, in zan yi ado sai na dubi sama tukuna, sannan in tambayi kaina ko rigar tawa ce.