Salgar Gidan Jibirin Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da damuwa, ni Jibirin na Madadi nake sanar da 'yan uwa rasuwar salgar gidana, wadda ta rufta ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha tara.

An haƙa marigayiya a zamanin tsuke bakin aljihu, zurfinta gaba uku, azararta ta giginya. Ba ta taɓa neman komai ba sai toka da murfi. Shekarar da amai da gudawa ya shiga unguwa, a gidanmu ko kaza ba ta kwanta ba, har duba-gari ya riƙa kawo magidanta su ga yadda ake salga. Baƙin mai unguwa ma nan ake kawo su. Har yanzu ina jin ƙiiit ɗin ƙyaurenta.

Bara maƙwabcina Alhaji Uwaisu ya dawo daga Kano da masai na tangaran, fari fat, mai gurnani idan an ja igiya. Daga ranar baƙi suka koma can. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai. Wai masai sai an ɗebo ruwa a rijiya an shayar da shi! Kuma aka dasa shi yana kallon alƙibla, a wannan zamani na Shari'a. Na kai ƙara wurin liman. Ya je dubawa, ya daɗe a ciki, ya fito yana sa albarka.

Marigayiya ta yi jinyar wata huɗu, tun da ruwan ramin Alhaji ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin katangarmu. Ba na zargin kowa, amma Allah na gani.

Ta rasu ta bar ni, da matata Altine, da 'ya'ya bakwai, da buta biyu. Alhaji ya aiko cewa ƙofarsa a buɗe take. Altine da yara tuni suka amsa gayya, suna dawowa suna ba ni labarin sanyin tangaran. Ni kam ƙafata ba za ta taka gidan nan ba.

Za a cike ramin gobe Juma'a bayan la'asar, a dasa gwanda a kansa. Kowa ya zo da shebur, kuma ya biya buƙatarsa tun daga gida. Don Allah kada a aiko da tuwon ta'aziyya. Kwana uku ke nan ruwa kawai nake sha, mai haƙa sabuwa kuma ya ce sai bayan damina.