Yadda Za Ka Sauya Wa Kwamfutar Gida Babbar Manhaja Ba Tare da Shawarar Kowa Ba

Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawari kafin la'asar kowa a gidanku zai san da zamanka. Maƙwabcina, wanda ake kira Injiniya tun ranar da ya gyara wata fanka, ya gwada su duka a kan kwamfutar da matarsa, malamar jinya, ta shekara biyu tana rubuta kundin digirinta a ciki.

1. Raina wadda kake da ita
Kwamfutar tana aiki lafiya lau? To, nan matsalar take. Injiniya ya ga allon kwamfutar wani abokin aikinsa yana sheƙi, ya dawo gida zuciyarsa na tafasa. "Wannan tamu ta tsufa," in ji shi. "Ni kunya ma take ba ni."

2. Zaɓa da ido
Kada ka bincika ko tsohuwar na'urarka za ta iya ɗaukar sabuwar manhajar. Duba hoton da ke kan allo kawai. Shi Injiniya, hoto mai duwatsu da ruwa ya zaɓa.

3. Kada ka kwafe komai
Matar ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa. "Maigida, ka dai saka min aikina a filash ko? Ranar Litinin zan miƙa."
"Haba Malama, filash ai na matsorata ne."
Haddace wannan amsa. Mai ilimi ba ya ajiyar ko-ta-kwana.

4. Danna "Na yarda"
Rubutu zai fito, dogo, ƙanana. Wai tambayarka ake ko a goge duk abin da ke ciki. Karatu ɓata lokaci ne. Danna, ka miƙe ƙafa.

5. Nemo mai laifi
Da allon ya dawo fes, babu kundi, babu ko harafi, gumi ya karyo wa Injiniya har cikin kunne. Ya zagi masu wuta. Ya zagi firinta, wadda ko a kunne ba take ba. Matar ta ja kujera ta zauna tana kallonsa. Ya gwammace a ce ihu ta yi.

6. Ruga wurin mai gyara
"Yallaɓai, wane ne ya yi wannan ɗanyen aikin?" in ji mai gyara.
"Wani ƙanena ne."
"Allah ya shirye shi. Ka raba shi da kwamfuta."
"Amin," in ji Injiniya, murya can ƙasa.
An ceto babi biyu cikin biyar, da hotunansa ɗari huɗu sanye da tabarau. Sauran ukun ta sake rubutawa, aka ɗaga mata digiri zuwa baɗi. Yanzu kwamfutar tana da kalmar sirri, kuma duk gidan, har surukarsa da ba ta taɓa taɓa madanni ba, shi kaɗai ne bai san ta ba.

Gargaɗi
Marubucin ba shi da hannu a ɓatan fayil, gaba ta wata uku, ko kwana a falo. In abin ya ritsa da kai, kada ka ƙwanƙwasa min ƙofa. Kujerar falona da mai ita: Injiniya ne ke kwana a kai.