Kansila Nata'ala da Zartunan Inji Uku

Duk wanda bai san Alhaji Nata'ala ba, to bai san dimokuraɗiyya ba. Shekarar da soja suka koma bariki, a casa'in da tara, shi Allah ya ba kujerar kansila a wata mazaɓa da ke gindin Dala. Tun ranar rantsuwa bai ƙara cewa "ni" ba, sai "wannan gwamnati". Ko tuwo aka ajiye masa, wannan gwamnati ce take godiya.

Sati biyu da hawansa, iskar farkon damina ta tuge wata tsohuwar darbejiya, ta kwantar da ita a kan katangar Baba 'Yardada mai daddawa. Lungu ya toshe, ɗakin tsohuwa ya tsage, ga hadari kullum yana haɗowa. Ɗanjuma mai faskare ya zo da gatarinsa ya ce a ba shi wuni guda.

"Gatari?" in ji Alhaji. "Ai wannan aikin mulkin soja ne, sara babu shawara. Yanzu zamanin ƙuri'a ne. Zarton inji za a kawo, kuma shi ma sai ya ci zaɓe."

Aka ɗauko zartuna uku daga Sabon Gari, masu matsakaicin farashi irin na ƙwararru: ja, kore da ruwan ɗorawa. Alhaji, wanda ko rake sai an fere masa, ya naɗa kansa shugaban kwamitin tantancewa, ya kuma amince ya riƙe sakatare. 'Yan unguwa suka ƙara masa da sarauta kyauta: Sarkin Zarto.

Satin farko aka gwada murya. Ya tura surukinsa Ashafa saman Dala ya ce ya ɗaga hula in ya ji ƙara. Jan ya yi rurin da ya watsa awakin unguwa har Sheshe, ya lashe wannan zagaye. Sati na biyu aka gwada juriya. Aka tashe su duka a zaure aka zauna ana kallo, har man da Ashafa ya wuni a layi ya samo ya ƙare ƙaf. Koren ne ya mutu a ƙarshe, bayan hayaƙinsa ya zubo da tsaka huɗu daga rufi. Shi kuwa mai ruwan ɗorawa, mai hoto ne ya tabbatar ya fi dacewa da babbar rigar Alhaji.

Kullum da safe Baba 'Yardada, wadda ta kwashe tukwanenta zuwa gidan maƙwabciyarta Uwani, sai ta dogaro sanda ta zo.

"Baba, a ƙara haƙuri," in ji Alhaji. "Sakamako bai gama shigowa ba."

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Alhaji ya yi jawabin awa guda, ya naɗe hannun riga, ya fizgi igiyar jan. Inji ya ɗauka. Ya ɗora shi a kan gungumen, ya danna da duk ƙarfin wannan gwamnati. Hayaƙi ya tashi, gumi ya karyo, hula ta faɗi. Da ya ɗaga, sai ga ɓawon itace yana sheƙi kamar an goge takalmi. Koren ma haka. Mai ruwan ɗorawa ma haka.

Ɗanjuma ya matso ya leƙa.

"Ranka ya daɗe, ina sarƙar?"

"Wace sarƙa?"

"Mai haƙoran nan, wadda take zagaya wannan ƙarfen. Ai ita take yanka."

 Alhaji ya tuna sarƙoƙi uku da ya tarar a ƙasan kwalayen zartunan, ya ɗauka gyara ne mai kaya ya yi masa. Tuni ya ba maƙeri ya sare su ya haɗe, aka rataye allon da ke ƙofar ofishinsa, mai cewa Mai Girma Kansila.

Ɗanjuma ya tofa yawu a tafinsa ya ɗauki gatari. Kafin la'asar lungu ya buɗe, Baba 'Yardada ta koma ɗakinta da itacen girkin wata uku.

Bayan wata guda rahoton kwamiti ya fito, shafi arba'in. Ya ce zartunan uku sun yi kunnen doki wajen nagarta, kuma abin alfahari ne ga mulkin farar hula cewa babu ɗayansu da ya ji wa ko bishiya ɗaya ciwo.