Yadda Za Ki Yi Babakere da Soket Ɗaya Tilo a Gidanku

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni ce wadda in baƙo ya yi sallama nake shigewa bayan labule, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Amma Yayana yana shirin jarrabawar tattalin arziki, da ƙarfi yake hadda, ni kuwa ina guga a gefensa. Abin da ya faɗa kunnena na gwada shi a gida. In kika bi matakan nan, na ba ki tabbaci za ki rabu da shara da wanke-wanke, ko da ke ce wadda bakinta bai iya cewa "a'a" ba.

Ni dole ce ta sa ni. Ina koyon ɗinki, kuma mai shagon ta ce in na ƙara zuwa a makare, hannu yana ƙanshin sabulu, za ta ba wata kekena.

Mataki na 1: Nemo abin da ya yi ƙaranci

Masana sun ce tushen ilimin nan shi ne ƙaranci, wato masu so da yawa, abin kaɗan. Duba gidanku da kyau. A namu, soket ɗin falo ya ƙone. Na ɗakin Yaya sai an danne shi da takalmi, daga baya takalmin ma ya gaji. Mai lafiya guda ɗaya yana bayan gadona, kuma kowa a gidan yana da waya. Kada ki yi murna a fili. Tura gado ya rufe shi, ki zauna a kai.

Mataki na 2: Bari buƙata ta zo da ƙafarta

Kada ki yi talla. Batir in ya yi ja, shi zai jawo miki mai shi. Ƙanwata, wadda muke kira Gimbiya don ba ta taɓa ruwan kwano, ita ta fara zuwa.

"Yaya, ɗan sa mini caji."

A nan kunyarki za ta zama jari. Sunkuyar da kai, ki yi ta murza bakin mayafi. Mai saye zai ɗauka ciniki kike ja.

"To zan yi shara. Haba Yaya, ki yi magana mana!" Na ci gaba da murza mayafi. "To har da kwanuka. Wallahi ke muguwa ce."

Ban ce uffan ba, ita ta yanka wa kanta. Wannan shi ne farashi.

Mataki na 3: Kada ki karɓi kuɗi

Kuɗi in an gan su a hannunki, za a ce kawo a ajiye miki. Ki tsaya a musaya, wadda Yaya ya ce da ita mutanen farko suka fara kasuwa. Rabin batir, shara. Cikakken batir, tukwane. Mai son kallon fim yana caji, wannan sai ya haɗa da goge murhu.

Mataki na 4: In an kira ki mai babakere, ki amsa

Babakere shi ne mai sayarwa ɗaya, masu saye ba su da wajen gudu. Yaya da kansa ya tsaya a ƙofata yana huci.

"Ke, kin san sunan abin da kike yi? Babakere! A littafi ma ba a yabonsa."

"To, Yaya," na ce, ina kallon ƙasa.

Shi ne kullum yake hadda cewa duk abin da mutum ya zaɓa, akwai wanda ya bari. Ranar ya gani da idonsa: ko girmansa na babban wa, ko kiran budurwarsa. Ya naɗe hannun riga. Tukunyar farko ta fito da maiƙo, na mayar masa. Kasuwa ba ta san zumunci ba.

Mataki na 5: Hau da farashi

Da kin ga sun saba, ƙara musu. In an tambayi dalili, ki yi ajiyar zuciya ki ce, "Komai ya tashi." Mai kayan miya haka yake cewa, mai gyaran takalmi haka yake cewa, ba a taɓa neman su kawo shaida ba. Sunansa hauhawar farashi, kuma ba laifin kowa ba ne, musamman ke.

Mataki na 6: Lallaɓa gwamnati

Gwamnatin gida ita ce Mama. Wayarta kyauta, a kan layi kuma ita ce gaba. Sai dai ki sa ido a kan fasa-ƙwauri. Gimbiya ta taɓa sa wayarta a cikin rigar wayar Mama, ta miƙo mini da fuskar salihai. Da wata ƙawarta ta kira aka tona.

Mataki na 7: Ki san inda za ki tsaya

Ni ban sani ba. Na ƙara wa Yaya wankin kayana. Abokansa suka shigo suka same shi yana shanya zanena, har da matse shi da kyau. Dariyarsu ce ta fito da Mama.

"Wane ne ya mayar mini da ɗa mai wanki?"

"Tattalin arziki ne, Mama," in ji Gimbiya.

Kafin la'asar mai gyaran wuta ya zo. Soket ya yi lafiya a falo, a ɗakin Yaya, har da wani a kicin da ba mu san da shi ba. Wadata ta zo, farashi ya faɗi warwas. Da yamma na tarar da kwanuka jibge a ƙofar ɗakina, Gimbiya tana wucewa tana kaɗa waya.

Gargaɗi: duk wadda ta bi shawarar nan ta sha faɗa, ko aka ƙwace mata gado, ko gwamnati ta kira mai gyara, babu ruwana. Ni ba masaniya ba ce, guga kawai nake yi.

Da gari ya waye na ɗauki almakashina da tef ɗin awo, na tsallake kwanukan. Yaya yana zaune a bakin ƙofa da littafi.

"Ke, wa zai wanke waɗannan?"

A da, shi da Gimbiya amsarsu guda ce, wai ba su iya ba. Yanzu kuwa gida duka ya ga hannunsu.

"Ku biyu, Yaya," na ce. "Kai ka fi iya tukwane."

Mama tana ji daga kicin. Na dakata in ji ta kira sunana. Sai na ji ta ce, "Gimbiya, ɗauko soso."

Na riga mai shagon isa.