Kwalin Ashana

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Ghana ta karɓi mulkin kanta ba, don kowa ya samu wani abu a cikinta, ni kuwa asara na kwasa.

Ina saurayi a unguwar Sakasaka cikin Tamale lokacin, na iya Turanci da Dagbanci da Hausa, kaina ya kumbura. Aka zaɓe ni in yi tafinta ranar biki a Tamale, aka ce in na yi abin kirki aikin ofis nawa ne. Gidan su Mariama, yarinyar da nake nema, aikin nan kawai suke jira su sa rana.

Sai gudawa ta kama ni (ruwan dam nake kwankwaɗa kamar saniya, ba tacewa, ba tafasawa). Kwana uku, kwana bakwai, shiru ba sauƙi. A mako na biyu na fara ganin majina da jini. Innata ta jiƙa mini sabara, ta ƙara da kanwa, da ta gaji ta ce, "Kai, wannan atuni ne, ya fi ƙarfin tukunyata. Tashi ka tafi asibiti."

Na ƙi. Kun san dalili? A asibiti sai ka kai musu bahaya a kwalin ashana sun duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta, kuma mai karɓar kwalin shi ne Baba Alhassan, mahaifin Mariama. Ni da nake cire takalmi tun daga bakin zaurensa, in miƙa masa wannan abu hannu da hannu? Na ce gara in mutu. (Saura ƙiris a amsa mini.)

Ranar biki na sa farin wando da sabon batakari, rigar saƙin nan ta ƙasarmu, na hau dandamali bakina a bushe ƙamas. Babban baƙo ya yi jimla uku, na fassara. A ta huɗu cikina ya murɗa. Na matse, na karanto duk addu'ar da na sani, ina! Farin wando, jama'a, a gaban sarakuna da 'yan makaranta da Mariama. Daga nan jiri ya kwashe ni.

A gadon asibiti na farka, Baba Alhassan na tsaye a kaina.

"Ba sai ka kawo kwali ba," in ji shi, "wandon ya wadatar. Ƙwayoyin cuta ne a hanjinka, da ka zo tun farko da tuni ka warke. Yaushe ka fara ganin jini?"

"Mako biyu, Baba. Kunyarka na ji."

Sai ya ce, "Ɗana, kwalin limamai na karɓa, na sarakuna na karɓa, ban taɓa raina kowa ba. Abin da ya faru a dandamali ciwo ne, ba laifi ba. Amma mai ganin jini ya zauna saboda kunya, ran da 'yata ko jikana suka kwanta, haka zai zauna da su. Ba zan ba ka ita ba."

Aikin ma wani aka ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu duk wanda gudawarsa ta wuce kwana uku a gidana, ko aka ga jini, ko zazzaɓi, ko ya fara bushewa, ni nake tasa shi gaba zuwa asibiti. Kwalin ma ni nake riƙewa.