Yadda Ake Riƙe Kwatamin Kasuwa Ba a Jiƙa Ƙafa Ba

Kai da kake zaune a gindin bishiya kana kallon sa'anninka suna wucewa da kaki da keke tun da aka sauke tutar Turawa, matso kusa. Ni Awwalu, wanda ya bar makaranta saboda benci ya yi masa tauri, na riƙe muƙamin heluman kwatami na kasuwar Kudan damina guda cur, ruwa bai taɓa ƙafata ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, ƙafarka ba za ta jiƙe ba, za a gaishe ka a kasuwa, 'yan mata za su san sunanka, tafin hannunka kuma ya zauna da laushi kamar na akawu.

1. Ka samu abin da kake gudu

Ba mai riƙe aiki da kyau sai wanda yake tsoron abin da ke jiransa a gida. Ni nawa Kawu Bobbo ne, wan mahaifiyata, mai injin mazarƙwaila a fadama. Doki ne ke juya injin, yana zagaye wuri ɗaya tun safe har la'asar, kuma dole a samu mai binsa a baya da tsumagiya. Ranar da aka ba ni kaki, Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Awwalu, ka bar makaranta, ka bar ɗinki, ka bar gyaran keke. Ran da ka bar wannan, dokina yana jiranka. Na ma gaya masa sunanka."

In ba ka da kawu irin wannan, ka ara.

2. Ka rabu da shebur

Ofishin tsafta zai ba ka kaki da usur da shebur. Sannan duba-gari, irin Malam Tukur namu da ke zuwa daga Makarfi, zai zaunar da kai ya yi maka bayani. Zai ce ka haƙa rami mai zurfi a bayan rumfuna, ka zuba manyan duwatsu a ƙasa, sai tsakuwa, sai gawayi, sai yashi a sama, don duk ruwan datti ya taru a nan ya tace, ya nutse cikin ƙasa, kada ya haifi sauro ko ya gangara rijiyar mutane.

Ka gyaɗa kai. Ka ce, "To, ranka ya daɗe." Ka ma tambaye shi ko gawayin kirya ya fi kyau, don ya ga kana bin karatun.

Da ya hau kekensa, ka nemi mutumin Likoro wanda ba ya zuwa sai ran kasuwa, ka ba shi aron shebur, ka ce kada ya yi gaggawa. Kai kuwa ka saro sanda. Shugaba da nuni yake aiki.

3. Ka san ruwanka

Jahili ne ke cewa ruwan datti duk ɗaya ne. Akwai na Hajo mai tuwo, ruwan wanke-wanke, mai maiƙo da guntun ƙanzo. Akwai na mahauta, wanda ba sai ka gan shi ba, hancinka zai ba ka labari. Sannan akwai babbansu, dagwalon da Ahmadu marini yake kwashewa daga karofi in baban rini ya mutu, shuɗi har ya kusa baƙi, abin da ya taɓa kuwa ya taɓu.

Ka tsaya nesa, inda iska ba ta biyowa, ka nuna kowanne da sanda, ka busa usur. Wannan shi ake kira rangadi.

4. Ka sa masu ruwa su yi haƙan

Ka je wurin Hajo da tsakar rana, lokacin da miya ta nuna. Ka gaishe ta, ka yi ajiyar zuciya, ka ce, "Iya, ni dai ba na son kawo magana, amma Ahmadu ya ce ruwanki ne ke lalata masa baba."

Za ta ajiye ludayi ta ce, "Wa? Wannan mai hannun da ko matarsa ba ta san asalin launinsa ba? Ɗan nan, zauna ka ci tuwo, ka ga ikon Allah."

Kafin ka suɗe kwano ta ɗauki fartanya ta ja hanya ta juya ruwanta wajen karofi. Sai ka wanke hannu ka tafi wurin Ahmadu ka ce, "Baba, ka ga abin da ake yi maka?" Shi ma zai ja tasa hanyar. Mahauta ba sai ka zuga su ba, da sun ga ana yi za su shiga. Haka za su yi ta turawa juna har ruwan ya gaji, ya gangara wani kwari a bayan rumfar masu rake ya kwanta. Ka ga an haƙa magudana uku ba ka sunkuya ba.

Agwagin Hajo, farare tas, za su tare a wurin. Ka ƙyale su. Alama ce ta cewa halittu sun gamsu da aikinka.

5. In an ce duba-gari na tafe, ka rufe

Abin da ido bai gani ba, ba ya shiga rahoto. Ka gaya wa masu rake cewa babban baƙo zai sauka a bayan rumfarsu, za su ba ka tsofaffin zana, su ma taya ka shimfiɗawa a kan kwarin. A sa karare a ƙasa, ganyen rake a kai, sannan yashi mai kyau. A jera duwatsu a kewaye, a shafa musu farar ƙasa. Ga ramin tacewa nan ya fito, har ya fi na bayanin Malam Tukur kyau, ciki kawai ya rasa.

6. Ka cinye lokacinsa da gaisuwa

Malam Tukur zai iso da farin kaki mai guga, farar safa har gwiwa, takalmi yana ƙyalli. Ka tare shi tun bakin kasuwa, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Ka tambayi gajiya, da hanya, da iyali, da ruwa, da mutanen Makarfi unguwa-unguwa. In ya amsa, ka koma farko. Ka kai shi ya ga masu gishiri, ya ga masu tukwane. In ya ce, "Ina ramin?" ka nuna masa daga nesa, ka ce sabo ne, ba a son a dame shi.

Ni da na yi haka, ya dubi fararen duwatsun ya ce, "Madalla, Awwalu. Ashe ana yi maka ƙazafi."

A nan ne agwagi suka fito daga ƙarƙashin zana, a jere, uwar a gaba, kowace shuɗiya tun daga baki har wutsiya kamar an rino su don salla. Hajo ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, Ahmadu ya rina mini dukiya!" Ahmadu ya amso daga karofi, "Ai sun fi kyau haka, kin ma ci riba!"

Malam Tukur ya bi sawun agwagin da ido. Ya nufi inda suka fito.

7. Kada ka zubar da ladabi

Ga inda ake gane ɗan mutunci. Yaro ba ya shiga gaban babba, a baya yake tafiya. Ba ya kama rigarsa. Kuma ba ya daka masa tsawa ya ce "Tsaya!" kamar yana kora akuya a gaban jama'a. Magana tana da ƙofa, ta nan ake shiga.

Saboda haka na bi shi a baya, na rusuna, na fara: "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara girma, in ba za a ga rashin kunyata ba, akwai wata 'yar magana da nake so in..."

Ban kai ga maganar ba ya kai ga yashin. Zana ta yi ƙara, ta buɗe, ya tafi har ƙugu. Kasuwa ta yi tsit, ban da agwagi. Na miƙa masa sandata daga kan busasshiyar ƙasa, ya fito rabi fari rabi shuɗi, ƙanzo a aljihunsa, takalmi ɗaya ya zauna a can.

Daidai lokacin mutumin Likoro ya ratso taro ya ce, "Heluma, ga shebur ɗinka, tun shukar fari nake ajiye da shi. Ko ƙasa bai sani ba, sabo fil."

Darasi: ka zaɓi mai mantuwa na gaske.

8. Ka miƙa kaki da hannu biyu

Malam Tukur ya karɓi usur da kansa, ya ce kakin ma in tuɓe, don shi ya fi ni bukatarsa. Kawu Bobbo kuwa, da ya kawo mazarƙwaila kasuwa ran nan, yana tsaye yana shan rake. Ya tofar da tuka ya ce, "Sannu da aiki, heluma. Taho mu je, an yi maka sirdi, amma ba kai za ka hau ba."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya zo fadama nemana. Ban san shi ba, ban aike shi ba, ya je ya tuhumi agwagi. Alkawarin da na yi na ƙafa ne, kuma ga tawa nan, a bushe take har yau, sai dai ƙura. In kuwa dole sai ka gan ni, ka tsaya wuri ɗaya kusa da injin, zan zagayo. Doki a gaba, ni a baya, yadda ladabi ya tanada. Shi dai in ya nufi rami, "Kai!" kawai nake ce masa.